Chike Obi, Masanin Lissafi Haifaffen Zariya

Zariya gari ne na ilmi tun zamanin da. A cikin mutanen da aka haifa a can har suka yi suna a duniya akwai wani ana ce da shi Chike Obi. Shi ne ɗan Nijeriya na farko da ya sami digirin dakta a ilmin lissafi. Ga labarinsa, da labarin wata dabara ta lissafi wadda ya ƙware a kanta ƙwarai.

An haife shi a Zariya cikin watan Afrilu na shekara ta 1921. Iyayensa Ibo ne, mutanen Anaca, wani babban gari a bakin Kogin Kwara. A zamanin nan mutanen Kudu da yawa sun zo Arewa neman aiki da ciniki, gama tun 1911 hanyar jirgin ƙasa ta iso har Kano. A Zariya ya fara karatu, a makarantar St. Patrick. Da ya gama aka kai shi Kwalejin Christ the King ta Anaca, daga nan kuma ya wuce Babbar Kwaleji ta Yaba a Ikko, watau Legas.

To, a lokacin nan babu jami'a ko ɗaya a Nijeriya duka, don ta farko, watau ta Ibadan, sai a 1948 aka buɗe ta. Wanda ke son digiri sai ya ƙetare teku, wannan kuwa sai mai hali. Amma akwai wata hanya mai wuya. Jami'ar Landan takan yarda mutum ya yi karatu yana zaune a ƙasarsu, in lokaci ya yi a aiko masa da jarrabawa. Ita Chike Obi ya bi. Ba malami a gabansa, sai littattafai da alƙalami da fitila. In ya gamu da abin da bai gane ba, sai ya yi ta juya shi har ya gane. Da haka ya ci digiri na farko a 1946, ya ci na biyu a 1947.

Da aka ga irin kaifin hankalinsa sai aka ba shi taimakon karatu zuwa Ingila. Ya shiga Kwalejin Pembroke ta Jami'ar Kambirij, ya kuma yi wani ɗan zama a babbar makarantar nan ta fasaha da ke Masacusets a Amurka. Mai duba aikinsa a Kambirij wata mace ce, sunanta Mary Cartwright, wadda ke cikin manyan masana lissafi na zamaninta. A 1950 ya sami digirin dakta, yana da shekara 29.

Yanzu bari mu duba irin lissafin da ya yi, don kada ku ji sunansa kawai ba ku san aikinsa ba.

Kun sani akwai lissafi mai sauƙi, akwai mai wuya. Akwai kuma wanda ko manyan masana ba su iya fitar da amsarsa sarai a tashi ɗaya. In suka gamu da irin wannan, ga abin da sukan yi. Sai su nemi wani lissafi mai sauƙi wanda ya yi kama da shi ƙwarai, su warware shi. Sa'an nan su duba ɗan bambancin da ke tsakanin biyun, su yi wa amsar gyara kaɗan. In ba ta isa ba su ƙara wani gyaran, ƙarami bisa na farko. Haka za su yi ta yi har amsar ta kusa daidai yadda ake bukata. Wannan ita ce hanyar gyara kaɗan-kaɗan.

Ku ɗauki misali da masu kwalekwale na ƙasar Miga. In ruwa yana kwance, ba ya gudu, mai tuƙi sai ya dubi mashigin ƙetare ya nufe shi sosai. Wannan shi ne lissafi mai sauƙi. Amma Kogin Hadejiya yana gudu, yana jan jirgi zuwa gangare. Saboda haka gwanin tuƙi yakan ɗan karkata goshin jirginsa wajen da ruwa ke fitowa. In ya kai tsakiya ya ga har yanzu ruwa na jansa, sai ya ƙara karkatawa kaɗan. Bai sake hanya ba, gyara ta kawai ya yi, ga shi kuwa ya sauka inda ya nufa.

Ga wani misali wanda za ku iya gwadawa a kan allo. A ce manomi yana da fili a fadama, tsawonsa yadi 5, faɗinsa yadi 5. In an rarraba shi gida-gida, ko wane gida yadi ɗaya ta ko wane gefe, za a sami gida 25. To, yana so ya faɗaɗa shi ya zama gida 26, tsawo da faɗi kuma su zauna daidai da juna. Yadi nawa ko wane gefe zai zama? Babu wannan a jadawalin sau. Amma mun san 5 sau 5, 25 ne, saura gida ɗaya tak. Sai mu ƙara siririn yanki a gefe biyu na filin. Ko wane gefe yadi 5 ne, biyun sun zama yadi 10. In aka shimfiɗa gida ɗaya bisa yadi 10, faɗin yankin zai zama ɗaya bisa goma na yadi. Amsa ta zama 5.1 ke nan. Ku gwada ku gani: 5.1 sau 5.1 ya ba da 26.01. Ɗan abin da ya hau kai, watau 0.01, ɗan ƙaramin lungun nan ne inda yankunan biyu suka gamu. Wanda ke son ya ƙara kusanta sai ya yi gyara na biyu, ya sami 5.099.

Kada ku raina wannan dabara, gama da ita aka gano wata duniya sukutum. Duniyarmu tana kewaya rana, haka kuma waɗansu duniyoyi, kamar su Zuhura da Mushtari. A 1687 Isaac Newton na Ingila ya bayyana yadda rana ke jan ko wace ɗaya daga cikinsu. Da a ce rana ce kaɗai ke ja, da lissafin hanyarsu ya yi sauƙi. Amma su ma suna jan juna kaɗan-kaɗan, sai an yi ta gyara. A 1781 aka gano wata duniya aka sa mata suna Yuranus. Masana suka lissafta hanyarta, suka yi dukan gyaran da suka sani, duk da haka suka ga tana ɗan kaucewa. Wani mutumin Faransa, Urbain Le Verrier, ya ga lalle akwai wani abu da ba a gani ba wanda ke janta. Ya zauna da alƙalami ya lissafta inda abin yake, ya aika da wasiƙa Balin ta ƙasar Jamus. A daren 23 ga Satumba, 1846, Johann Galle ya ɗora tabaron hangen taurari wajen da aka faɗa masa, sai ga ta kusa da wurin. Ita ce ake kira Naftun.

Shi Chike Obi ba taurari ya bi ba. Abin da ya sa a gaba shi ne lissafin abubuwa masu kai da komo, kamar lilo. Ku rataya dutse da zare ku kaɗa shi a hankali. Za ku ga ko wane zuwa da dawowa lokacinsu ɗaya ne. Wannan ya sa aka yi agogon bango mai lilo. Amma in aka kaɗa shi da nisa, lokacin yakan ɗan ƙaru, lissafi mai sauƙi ba ya isa kuma. Haka wutar lantarki take kai da komo a cikin rediyo, sau dubbai kafin ƙiftawar ido. A zamanin Yaƙin Duniya na Biyu ma'aikatan rediyo na Ingila sun sha wahala da na'urorinsu, don wutar takan yi abin da ba a zata ba. Mary Cartwright da wani malami, John Littlewood, suka duƙufa a kan lissafin abin. A wannan fage ne Chike Obi ya shigo.

Tambayar da ya bi ita ce: in abu mai kai da komo yana samun 'yar turawa daga waje a kai a kai, zai zauna bisa ƙa'ida ɗaya yana maimaita ta, ko kuwa zai rikice? Wani abin mamaki shi ne, wani lokaci sai a tura shi sau biyu ko sau uku, shi kuwa ya yi zuwa da dawowa sau ɗaya tak. Chike Obi ya yi aiki da hanyar gyara kaɗan-kaɗan ya nuna sharuɗan da in sun cika irin wannan zai auku. A 1950 mujallar ƙungiyar masana lissafi ta Landan ta buga bincikensa a kan haka. Ya ci gaba da rubutu a kan wannan fanni shekaru da yawa, ana bugawa a mujallun ƙasashen Turai.

Amma fa dabarar nan tana da iyaka, masu aiki da ita kuwa dole su san iyakarta. Tana aiki ne in abin da ke kawo bambanci ƙarami ne. Ku tuna da mai kwalekwale. In damina ta yi nisa, kogi ya cika ya yi ambaliya, ya shafe gonakin shinkafa, ɗan karkata goshin jirgi ba zai fisshe shi ba. Haka a lissafi, in bambancin ya yi girma, gyara na biyu sai ya fi na farko, na uku ya fi na biyu, amsa ta watse. Babban aikin masana irin su Chike Obi shi ne su tabbatar da inda dabarar za ta riƙe da inda za ta saki, don kada injiniya ya dogara da ita a inda ba ta da ƙarfi.

Har wa yau ana aiki da ita ko'ina. Da ita ake lissafin tafiyar wata da lokacin husufi. Da ita ake bin hanyar tauraron ɗan Adam, irin wanda Nijeriya ta fara mallaka a 2003, gama duniya ba ta zama ƙwallo sarai ba, ta ɗan kumbura a tsakiya, wannan kuwa yakan karkatar da tauraron. Masu ƙera jirgin sama suna aiki da ita wajen sanin yadda iska ke bin fiffike, masu gina gada kuma wajen sanin yadda za ta girgiza.

Da Chike Obi ya komo gida sai ya kama koyarwa a Kwalejin Jami'a ta Ibadan. Amma bai tsaya ga lissafi kaɗai ba, ya shiga siyasa. Ya kafa jam'iyya mai suna Dynamic Party, har aka zaɓe shi ɗan majalisa. Mutum ne marar tsoro, mai kaifin harshe. A 1961 aka same shi da laifin tunzura jama'a saboda wata 'yar takarda da ya buga yana sukar Gwamnati, masu koyon aikin lauya kuwa har yanzu suna karanta labarin shari'ar. A 1962 aka kama shi tare da su Obafemi Awolowo, daga baya aka sake shi don babu shaida a kansa. Da yaƙin basasa ya tashi a 1967 ya goyi bayan Biyafara. Bayan da aka gama yaƙi a 1970 sai ya koma koyarwa, ya zama farfesa a Jami'ar Legas, ya zauna can har ya yi ritaya a 1985. Cibiyar masana kimiyya ta duniya da ke Trieste a ƙasar Italiya ta ba shi lambar yabo saboda bincikensa.

Da tsufa ya zo ya koma Anaca, amma bai ajiye alƙalami ba. Akwai wata tsohuwar matsala wadda Pierre de Fermat na Faransa ya bari. Kun san 3 sau 3 a haɗa da 4 sau 4 daidai yake da 5 sau 5. Fermat ya ce in za a jera ko wace lamba sau uku ko fiye, kamar 3 sau 3 sau 3, ba za a taɓa samun cikakkun lambobi uku da za su dace haka ba. Aka yi fiye da shekara 350 ba wanda ya kawo hujja, sai a 1994 Andrew Wiles na Ingila ya kawo, mai tsawo ƙwarai. Bayan 'yan shekaru Chike Obi ya fito da tasa hujjar, gajeriya. Masana suka duba, suka ga akwai giɓi a cikinta, ba su karɓa ba. Haka ilmin lissafi yake. Ba a duban girman mutum ko furfurarsa, sai abin da ya rubuta. Wannan bai rage darajar aikinsa na fari ba, wanda aka duba aka ga ya tsaya.

Ya rasu ran 13 ga Maris, 2008, yana da shekara 86.

To, yara, in malam ya ba ku lissafi kuka ga ya fi ƙarfinku, kada ku rufe littafi. Ku tambayi kanku wane lissafi kuka sani wanda ya yi kusa da shi. Ku fara da wannan, ku yi gyara, ku gwada amsar, in da saura ku sake gyarawa. Sannu ba ta hana zuwa. Yaron da ya fara koyon ƙidaya a Zariya, ya yi karatun digiri ba malami a gabansa, da haka ya kai inda ya kai.

Tambayoyi

1. A ina aka haifi Chike Obi, a wace shekara kuma?
2. Yaya ya yi ya sami digiri tun ba a buɗe jami'a a Nijeriya ba?
3. Me ya sa mai kwalekwale yakan karkata goshin jirginsa?
4. Yaushe ne hanyar gyara kaɗan-kaɗan ba ta aiki?
5. Fili yana da yadi 10 ta ko wane gefe, watau gida 100. Ana so ya zama gida 102. Ku nemi tsawon ko wane gefe, sa'an nan ku gwada amsarku.