Kulod Mone: Mai Zanen da Ya Bi Hasken Rana da Kayansa

An haifi Kulod Mone a birnin Faris na ƙasar Faransa ranar 14 ga Nuwamba, 1840. Faransawa suna rubuta sunansa Claude Monet. Yana ɗan shekara biyar iyayensa suka ƙaura zuwa Le Havre, wani gari na bakin teku, inda mahaifinsa yake kasuwanci. Tun yana yaro hannunsa ya faɗa da zane, har yakan zana hotunan barkwanci na mutanen gari ya sayar.

A garin ne ya gamu da wani mai zane, Eugène Boudin, wanda ya ja shi zuwa bakin teku, ya koya masa yin zane a fili. A wancan zamani yawancin masu zane a cikin ɗaki suke kammala aikinsu. Dalili ɗaya shi ne wahalar ɗaukar fentin mai, domin a da cikin mafitsarar alade ake ƙulle shi, da zarar an huda ta kuwa sai ya yi ta yoyo ko ya bushe. A shekarar 1841 wani Ba'amurke, John Goffe Rand, ya ƙirƙiro ɗan bututun kuza da ake matsawa, irin na man goge baki. Daga nan fenti ya zama abin da za a jefa cikin akwati a kama hanya.

A 1861 aka ɗauki Mone aikin soja, aka tura shi Aljeriya. Rashin lafiya ya dawo da shi gida a 1862, amma hasken ranar Afirka da launukanta sun zauna masa a zuciya. Ya ƙudura cewa abin da zai zana shi ne yadda haske yake sauka a kan abubuwa. Haske kuwa ba ya jiran kowa. Saboda haka dole mai zane ya je inda yake, kuma kayansa su kasance a shirye.

Kayan ba kaɗan ba ne. Akwai akwatin fenti da burusai, da faifan katako na haɗa launi, da katako mai ƙafa uku da ake jingina ƙyallen zane a jikinsa, da ƙyallayen da aka ɗame a kan firam, wani lokaci har da babbar laima. Fentin mai yakan yi kwanaki bai bushe ba, don haka duk abin da iska ta kwaso sai ya manne. Akwai wani zane da ya yi a bakin tekun Trouville a 1870, wanda yake wani gidan adana zane-zane a Landan. Har yau ana ganin ƙwayoyin yashi a cikin fentinsa.

Da ya zauna a Argenteuil, a bakin kogin Seine, sai ya sami ƙaramin jirgin ruwa, ya sa aka yi masa ɗan ɗaki a ciki, ya mayar da shi wurin aiki. A 1874 shi da abokansa suka baje kolin zane-zanensu a Faris. Masu suka suka yi musu ba'a, suka ce aiki ne da ba a gama ba. Shekaru da dama Mone yana fama da talauci da bashi, kuma a 1879 matarsa Camille ta rasu. Duk da haka bai koma zane irin wanda kasuwa take so ba.

Aikin fili yana da haɗarinsa. A watan Nuwamba na 1885 yana zane a gindin duwatsun bakin teku a Étretat, ya yi kuskuren lissafin lokacin cikar teku. Wata babbar igiyar ruwa ta maka shi da dutse, ta ja shi cikin ruwa tare da kayansa. Da ƙyar ya rarrafo ya fito, zanen kuwa ya lalace. Bayan shekara goma, a 1895, ya tafi Norwe, ya yi zane cikin dusar ƙanƙara har gemunsa yana daskarewa.

Da yake haske yana sauyawa daga sa'a zuwa sa'a, ƙyalle ɗaya ba ya isarsa. Yakan fita da biyar ko shida, yara suna biye da shi ɗauke da su. Idan hasken ya sauya sai ya ajiye wannan ya ɗauki wancan, washegari ya dawo wa kowanne a daidai lokacinsa. Haka ya yi a 1890 da 1891 a ƙauyen Giverny, inda ya zauna tun 1883. Ya zana tarin alkama na gonar maƙwabcinsa sau fiye da ashirin, da safe da yamma, da kaka da hunturu. Agolarsa Blanche ce take turo masa ƙyallayen a cikin baro. Mutane suka yi rububin sayen waɗannan zane-zane, sunansa ya ƙara ɗaukaka.

Da tsufa ya kama shi sai ya rage tafiye-tafiye, ya duƙufa kan zana furannin bado na tafkin da ya haƙa a lambunsa. Yanar ido ta dame shi, aka yi masa tiyata a 1923, ya ci gaba da aiki. Ya rasu a Giverny ranar 5 ga Disamba, 1926, yana da shekara 86.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ɗalibin da yake Gitata ma zai iya gwada dabarar Mone ko da fensir da takarda. Ya zaɓi gonar dawa ɗaya, ya dube ta da sassafe cikin hazo, ya sake dubanta da la'asar, sannan ya zana bambancin da ya gani.

Tambayoyi
1. Me ya sa ɗaukar fentin mai yake da wuya kafin 1841?
2. Lissafa kaya huɗu da Mone yake fita da su.
3. Don me yake ɗaukar ƙyallaye da yawa a fita ɗaya?