Alick Isaacs, likitan da ya gano yadda jiki ke yi wa kansa gangami

Duk wanda mura ta taɓa kwantar da shi a hunturun Samaru ko Sabon Gari ya san zazzaɓi da ciwon gaɓoɓin da ke biyo ta. Kaso mai yawa na wannan wahala jiki ne ke jawo ta yayin kare kansa, ta hanyar wani sinadari mai suna intaferon. Wanda ya gano shi, Alick Isaacs, ya rasu tun ana jayayya a kan aikinsa.

An haife shi a Glasgow ta Sikotilan a 1921, ya kammala karatun likita a 1944. Bayan ya yi aiki a Melbourne ta Ostareliya ƙarƙashin Macfarlane Burnet, sai ya koma Landan, inda ya jagoranci Cibiyar Mura ta Duniya da ke Mill Hill, a wata ma'aikatar bincike da gwamnati ke ɗaukar nauyinta.

A 1957, shekarar da annobar mura ta taso daga Asiya, shi da Jean Lindenmann ɗan Suwizalan suka yanko tantanin cikin ƙwan kaza, suka zuba masa bairos ɗin mura da aka raunana da zafi. Daga nan suka kwashe ruwan da tantanin ya kwanta a ciki, suka jiƙa sabon tantani da shi. Da aka kawo bairos mai ƙarfinsa, sai ya kasa yaɗuwa. Ashe ƙwayoyin halittar da cuta ta fara taɓawa sukan saki wani abu da ke gargaɗin maƙwabtansu su ɗaura ɗamara.

Masana da dama suka yi masa ba'a, domin an kasa tace sinadarin a nuna shi zalla. Isaacs bai janye ba. A 1963 ya ƙara da hasashen cewa baƙon sinadarin gado na bairos shi ne abin da ƙwayar halitta ke shinshinowa kafin ta buga gangar. Lafiya ce ta gaza masa: jini ya zuba a ƙwaƙwalwarsa a 1964, ya kuma rasu a Janairun 1967 yana da shekara 45, bayan Royal Society ta karɓe shi a 1966.

Gaskiyarsa ta fito a hankali. A 1980 aka fara sarrafa intaferon ta fasahar ƙwayoyin gado, ya shiga cikin magungunan ciwon hanta nau'in B, cutar da ta yi katutu a Najeriya. A 2004 ɗakin binciken Takashi Fujita a Japan ya nuna cewa RIG-I na daga cikin masu gadin da ke gane baƙon sinadarin. A 2020 kuma aka gano cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda korona ta kai bakin mutuwa, garkuwar jikinsu ce ke daƙile intaferon ɗinsu.