Wolfgang Paul: Malamin da ya ɗana wa ƙwayar zarra tarko, ya ƙi ƙera bom da ita

An haifi Wolfgang Paul ranar 10 ga Agustan 1913 a ƙauyen Lorenzkirch na ƙasar Jamus, ya tashi a birnin Munich inda mahaifinsa yake koyarwa a jami'a. Ya yi karatu a hannun Hans Kopfermann, kuma samartakarsa ta faɗo cikin mulkin Hitler. A lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi aikin rarrabe nau'o'in zarra, fannin da masu neman bom suka fi kwaɗayi. Ba a ba da tarihinsa a tsallake wannan.

A 1952 ya zama farfesa a Jami'ar Bonn, inda ya tunkari wata tsohuwar matsala. Ƙwayar zarra mai ɗauke da cajin lantarki, wadda masana ke kira ayon, ba ta tsaruwa da ƙarfin lantarki tsayayye: in an tare ta nan, sai ta zille ta can. Paul ya kwatanta dabararsa da ƙwallo a kan sirdin doki. Gaba da baya tudu ne, gefe biyu gangare, don haka ƙwallon zai faɗo. Amma in ana juya sirdin da saurin da ya dace, kafin ƙwallon ya gangara gangaren ya riga ya koma tudu, sai ya zauna a tsakiya. Haka tarkonsa yake, lantarki mai sauya fuska cikin tsananin sauri ne ke maye gurbin sirdin.

Ana cikin wannan aiki siyasa ta ƙwanƙwasa ƙofa. Shugaban gwamnatin Jamus ta Yamma, Konrad Adenauer, ya so a ba sojojin ƙasar makaman nukiliya, yana ganin ƙananansu ba su wuce ci gaban manyan bindigogi ba. Ranar 12 ga Afrilun 1957 masana 18 suka fitar da sanarwar Göttingen, suka sha alwashin ba za su sa hannu a ƙera irin waɗannan makamai, ko gwada su, ko amfani da su ba. Sunan Paul yana ciki, tare da Otto Hahn da Werner Heisenberg da malaminsa Kopfermann. Malaman jami'o'in gwamnati ne akasarinsu, da kuɗinta suke bincike, amma suka faɗa mata a bainar jama'a.

Tarkon kuwa bai gama nuna amfaninsa ba sai da hasken leza ya zo. Leza na rage wa ayon gudu har sanyinsa ya kusanci ƙarshen sanyi, kimanin digiri 273 ƙasa da sifili. A nan abin mamakin yake. Ayon suna ture juna saboda cajinsu iri ɗaya ne, tarkon kuma yana matse su zuwa tsakiya. Da zafi ya gushe sai kowanne ya kama mazauninsa ya tsaya cak. A dogon tarko, 'yan kaɗan kan jeru kamar 'ya'yan carbi, in suka ƙaru layin ya karkace, in suka yi yawa su zauna ɓawo cikin ɓawo kamar albasa. A 1987 aka fara ganin irin wannan tsari, a ɗakin binciken Herbert Walther kusa da Munich da na David Wineland a Amurka. Kan irin wannan jeri ake gina wasu daga cikin kwamfutocin kwantam na yau.

A 1989 Paul ya raba rabin lambar yabo ta Nobel da Hans Dehmelt, ɗaya rabin ya tafi ga Norman Ramsey. Ya rasu a Bonn ranar 7 ga Disambar 1993, yana da shekara 80.