Likita Walter Miller (1872–1952) da Littafi Mai Tsarki na Hausa

Gabatarwa

Idan ana bitar Turawan da suka yi wa rubutun boko hidima, sunayen Schön da Robinson da Vischer da Bargery da East ne suke fara zuwa bakin manazarta. Ba kasafai ake tsayawa a kan Likita Walter Miller ba, alhali shi ne jigon fassarar Littafi Mai Tsarki na 1932, wanda yake cikin manyan ayyukan zube da aka buga da boko kafin ƙagaggun labaran farko su fito. Wannan maƙala ta bi rayuwarsa ne domin nuna abu guda: mutumin ya ƙarar da kusan shekara 50 yana neman zukatan Hausawan birni, bai samu ba sai kaɗan, amma littafin da ya bari ya zama abin ibadar al'ummun da Hausa ba harshen uwarsu ba ne, irin na ƙasar Yawuri.

Tasowarsa da koyon Hausa

An haifi Walter Richard Samuel Miller a 1872 a yankin Devon na ƙasar Ingila. Ya karanci aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sannan ya miƙa kansa ga ƙungiyar mishan ta CMS ta cocin Angilika. A wancan zamani hanyar koyon Hausa mafi sauƙi ga Bature ita ce Tarabulus, inda fatake da alhazai da 'yantattun bayi Hausawa suke zaune. Can aka tura Miller da abokansa a ƙarshen ƙarni na 19. A Tarabulus ne ya haɗu da wani yaro mai suna Abdulmajid Tafida, wanda daga baya ya zama na hannun damansa wajen harshe. Ɗan littafinsa na nahawu, Hausa Notes, ya fito a 1901.

Tafiyar Kano da zaman Girku

A farkon 1900 ayarin mutum biyar ƙarƙashin Bishop Herbert Tugwell ya taso daga Ikko da nufin kafa mishan a Kano. Tare da Miller akwai Richardson da Ryder da Burgin. Sun bi ta Zariya a zamanin Sarki Kwasau, suka isa Kano ba tare da neman izini ba, a daidai lokacin da labarin sojojin Lugard ya cika ƙasa. Sarkin Kano Alu bai ga dalilin bambanta mai wa'azi da mai bindiga ba, sai ya ba su 'yan kwanaki su fice. Suka koma Girku, kudu da Zariya. A nan Ryder ya rasu, ciwo ya mayar da wasu gida, ayarin ya watse. Duk mai auna aiki da sakamakon farko zai ce an gama. Miller kuwa ya dawo a 1902, kuma a 1905 ya sami mazauni a cikin birnin Zariya, inda ya buɗe ɗakin shan magani da makaranta.

Tsakanin Sarki da Nasara

Zamansa a Zariya bai kasance mai daɗi ba. Turawan mulki sun yi wa sarakuna alkawarin ba za su taɓa addininsu ba, don haka suna kallon kasancewar ɗan mishan a cikin ganuwa a matsayin ƙaya a ƙafa. Duk da haka Lugard ya amfana da Hausarsa, kuma Miller yana cikin masu matsa wa gwamnati ta ɗauki boko maimakon ajami a harkar mulki da makaranta. Shirinsa na makarantar 'ya'yan sarakuna bai kai labari ba, domin iyaye sun san abin da yake nufi. Gwamnati ta damƙa aikin ga Hanns Vischer, wanda ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909. A ɗaya ɓangaren, Miller ya yi ta kai ƙarar Sarkin Zazzau Aliyu ɗan Sidi, shahararren marubucin waƙoƙin nan, kan zargin zalunci, kuma koke-kokensa suna cikin abubuwan da suka share fagen tuɓe sarkin da kai shi Lakwaja. Adalci ya wajabta a faɗi cewa Miller mutum ne mai kaifin harshe, wanda ya rubuta maganganu masu zafi a kan Musulunci da sarautar Fulani, kamar yadda ya rubuta a kan mulkin 'yan ƙasarsa.

Isawa, Gimi da Wusasa

Jama'ar da Miller ya daɗe yana jira ta zo masa ta ƙofar da bai zata ba. A zamanin Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi an kashe wani Malam Ibrahim, wanda nazarin Alƙur'ani ya kai shi ga fifita matsayin Annabi Isa. Mabiyansa, da ake kira Isawa, suka bazu wajen Ningi da ƙauyukan gabashin Zazzau. A 1913 wasu daga zuriyarsu suka iso wurin Miller. Aka kafa musu ƙauye a Gimi, amma cikin 'yan shekaru ciwon barci ya yi musu mummunar ɓarna, waɗanda suka tsira suka tashi. Su da ɗaliban makarantar birni ne suka zama tushen Wusasa, inda mishan ya koma a 1929, aka gina cocin St Bartholomew da ƙasa bisa fasalin ginin Hausa. Daga wannan ƙaramar al'umma aka sami Dokta R. A. B. Dikko, likitan farko ɗan Arewa, da John Tafida, wanda ya rubuta Jiki Magayi tare da East. Miller bai so fita daga birni ba, domin a ganinsa barin ganuwa barin mutanen da ya zo dominsu ne. Sai ya koma Kano ya duƙufa kan fassara.

Littafin 1932

Ba Miller ne ya fara aikin ba, Schön ya fitar da Sabon Alkawari tun 1880. Amma Hausar Schön ta wanda bai zauna a ƙasar Hausa ba ce. Miller ya yi aiki da malaman Zariya da wakilan sauran ƙungiyoyin mishan, har ƙungiyar buga Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta fitar da cikakken littafin a 1932. Abin lura ga manazarcin harshe shi ne zaɓen kalmomi. An riƙe Allah da Ubangiji da annabi da mala'ika da Zabura, kalmomin da Hausa ta daɗe da narkarwa, amma aka ɗauki Yesu a maimakon Isa. Wato littafin ya tsaya da ƙafa ɗaya a cikin gadon da ya tarar, ɗaya kuma a waje. Wannan fassara ce majami'u suka riƙe kusan rabin ƙarni kafin sabuwa ta fito.

Inda irin ya tsiro

Miller ya bar CMS a 1935, ya rubuta littattafai irin su Reflections of a Pioneer a 1936 da Have We Failed in Nigeria? a 1947, ya ƙare rayuwarsa a Bukuru kusa da Jos a 1952. Kano da Zariya suna nan a kan addininsu kamar yadda ya same su. Amma mishan da suka yi aiki a tsakanin ƙananan ƙabilu sun tarar da harsuna masu yawa da ba su da rubutu, ga kuma Hausa a kasuwa, ga littafi a shirye. A ƙasar Yawuri, inda Kambari da Gungawa da Dukawa da Shangawa suke, haka abin ya kasance. Bayan kammala madatsar Kainji a 1968, ruwa ya ci tsibirai, aka sake tsugunar da Gungawa a bakin tafki, cuɗanya da Hausa ta ƙaru, lamarin da Frank Salamone ya nazarta a shekarun 1970. A yau, a majami'un Yelwa da Ngaski, idan Kirsimeti ya zo ana karanta labarin haihuwa daga Luka, idan Ista ta zo a karanta na tashi daga matattu, da Hausa ake yi, a kan harsashin da aka aza a 1932.

Kammalawa

Ga Kirista mai tunani a kan magabata, rayuwar Miller tana tuna misalin mai shuka, wanda ba shi yake zaɓar ƙasar da za ta karɓi iri ba. Ga manazarcin Hausa kuwa, akwai aikin da yake jira: kwatanta Hausar majami'un bakin Kainji da nassin 1932, domin gane abin da littafin ya ba harshen, da kuma abin da ya rage wa Reshe da Kambarci a bakin masu su.