Likita Baikie: Hafsan Sojan Ruwa da Ya Juya Zabura Zuwa Hausa

'Yan'uwa, sa'ad da muke buɗe Zabura a majami'unmu na Batsari da Safana, musamman a kwanakin nan na rashin tsaro, yana da kyau mu san waɗanda suka fara wahalar kawo ta cikin harshenmu. Ɗaya daga cikinsu ba fasto ba ne. Likita ne na sojan ruwan Birtaniya, sunansa William Balfour Baikie.

An haife shi a Kirkwall, cikin tsibiran Orkney na Sikotilan. Ya karanta likitanci a Edinburgh, ya shiga sojan ruwa a 1848. A 1854 ya shugabanci jirgin Pleiad a kan Neja da Binuwai, tare da Samuel Ajayi Crowther. A da, zazzaɓin cizon sauro yakan ƙare Turawan da suka shigo kogin. Baikie ya sa mutanensa shan kwinin kowace rana, aka dawo ba wanda ya mutu. Wannan ya sauƙaƙa wa masu bishara shiga ƙasar.

Mai son bin sawunsa sai ya fara da Jebba. A 1857 jirginsa na biyu, Dayspring, ya bugi dutse kusa da garin ya farfashe. Baikie bai koma gida ba. Ya gangara Lokoja, mahaɗar kogunan biyu, ya kafa zango. Wanda ya hau dutsen Patti yau zai hangi wurin da ya yi aikin likita, ya buɗe kasuwa, ya fanshi bayi, ya kuma zauna da Hausawa yana koyon harshensu. A 1862 ya bi ta Bida da Zariya har Kano.

Sauran sawun yana cikin takardu. Rahotanninsa ga gwamnati suna ma'ajiyar tarihi ta Kew a Landan. Takardun mishan ɗin CMS, har da na Crowther, suna Jami'ar Birmingham. A majami'ar St Magnus ta Kirkwall kuma akwai dutsen tunawa da shi.

Ya rasu a Saliyo a Disamba 1864, a hanyarsa ta komawa gida. Bai ga Zaburarsa a buge ba, gama sai a 1881 ƙungiyar Littafi Mai Tsarki ta Birtaniya ta buga ta. Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa kuwa sai 1932.

Baikie ma'aikacin gwamnatin da daga baya ta mallaki ƙasarmu ne, ba za mu ɓoye wannan ba. Duk da haka Ubangiji ya yi amfani da aikin hannunsa. Malamin asibiti, soja, ko manomi a cikinmu, kada ya ce hidimar Maganar Allah ta fastoci ce kaɗai. Mu kuma adana rajistar baftisma da wasiƙun dattawanmu, domin jikokinmu su sami sawun da za su bi.