Luis Alvarez (1911-1988): Masanin Da Ya Bayyana Dalilin Halakar Dainaso

An haifi Luis Walter Alvarez a birnin San Francisco na Amurka ranar 13 ga Yuni, 1911. Mahaifinsa likita ne. Ya karanci fiziks a Jami'ar Chicago, ya sami digirin digirgir a 1936, sannan ya kama aiki a Jami'ar California da ke Berkeley.

Lokacin yaƙin duniya na biyu ya ƙirƙiro hanyar saukar da jirgin sama cikin hazo da taimakon na'urar rada. Yana kuma cikin waɗanda suka ƙera bam ɗin nukiliya, har ya bi jirgin da ya auna ƙarfin fashewarsa a Hiroshima a 1945. A 1968 aka ba shi lambar yabo ta Nobel.

Sai dai aikin da aka fi tunawa da shi ya zo ne da tsufansa. Ɗansa Walter, masanin duwatsu, ya kawo masa wani siririn yumɓu mai kaurin kamar santimita ɗaya daga Gubbio a Italiya. Yumɓun ya taru ne daidai lokacin da manyan dabbobin nan dainaso suka ƙare, shekara miliyan 66 da suka wuce. Da aka auna shi, sai aka tarar sinadarin iridiyam ya ninka na sauran duwatsun wurin kamar sau 30. Wannan sinadari ya yi ƙaranci a doron ƙasa, amma yana da yawa a duwatsun sararin samaniya.

A 1980, shi da ɗansa da Frank Asaro da Helen Michel suka bayyana cewa wani dutse mai faɗin kamar kilomita 10 ne ya faɗo, ƙura ta rufe rana, tsirrai suka mutu, dabbobi suka bi baya. Kusan kashi uku cikin huɗu na nau'o'in halittu suka shuɗe.

Masana da dama sun ƙi yarda, wasu suka ɗora laifin kan aman wutar duwatsu. Alvarez kuwa mai kaifin harshe ne, ya yi ta sa-in-sa da su. A 1985 wasu masanan Chicago suka gano baƙin hayaƙi mai yawa cikin yumɓun, alamar gagarumar gobara. Tambayar da ta rage ita ce: ina ramin da dutsen ya bari?

Alvarez ya rasu da cutar daji ranar 1 ga Satumba, 1988, bai ga amsar ba. A 1991 aka bayyana ramin Chicxulub mai faɗin kamar kilomita 180, binne a gaɓar Yucatan ta Meziko.