Ajayi Crowther: Bawan Da Ya Zama Bishop

Mu da muke zaune a Ikko, kusan kullum muna jin sunan Crowther, amma kaɗan daga cikinmu ne suka san wahalar da mutumin nan ya sha.

An haifi Ajayi wajen 1809 a Osogun, ƙasar Yarbawa. A 1821 mahara suka faɗa wa garinsu, suka kama shi da uwarsa da ƙannensa. Daga nan aka raba su. An taɓa musanya shi da doki, aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har baƙin ciki ya sa ya nemi kashe kansa. A 1822 fataken bayi na Fotugal suka loda shi a jirgi daga nan Ikko. Allah da ikonsa, jiragen yaƙin Ingila suka tare su, aka kai shi Saliyo. Can ya karɓi addinin Kirista a 1825, ya yi karatu a kwalejin Fourah Bay.

Wani zai ce sa'a ce kawai. Shi kuwa ya ɗauka Allah ne ya tsamo shi don wani aiki. A 1841 ya bi ayarin da ya hau kogin Kwara tare da Schön, Baturen nan da ya rubuta nahawun Hausa. Zazzaɓi ya kashe Turawa da dama, shi ya dawo lafiya. Allah Sarki, a 1846 ya haɗu da tsohuwarsa a Abeokuta, bayan shekara 25 da rabuwa.

Ya ja gaba wajen fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarbanci. A 1864 ya zama baƙar fata na farko da cocin Anglika ta naɗa bishop. Bai riƙe Musulmi a zuci ba, ko da yake akwai su cikin maharan da suka kama shi. Har Bida yakan je gaida Etsu Masaba.

To, jarrabawa ba ta ƙare ba. A 1890 wasu samarin Turawan mishan suka ci mutuncinsa a Onitsha, suka dakatar da limamansa. Dattijon bai bar imaninsa ba har ya rasu a Ikko ran 31 ga Disamba, 1891. Jikansa Herbert Macaulay ne ya zo ya tsaya wa Turawan mulki a wuya.

Mu da muka san zafin baƙunci, akwai abin koyi a nan: haƙuri, da rashin riƙo.